Wa Ya Kashe Babban Gwani?

Duk wanda ya yi karatun tarihin ƙasar Hausa a makaranta ya saba da irin maganar nan da ake cewa sarki wane ne ya gina ganuwa, ko sarki wane ne ya gina masallaci. Haka muke faɗa wa yara cewa Muhammadu Rumfa ya gina gidan sarautar Kano, Sarauniya Amina kuwa ta kewaye garuruwa da ganuwa. Babu ƙarya a cikin wannan, domin wanda ya ba da umarni, ya tara jama'a, ya ciyar da ma'aikata, ya cancanci a ambace shi. Sai dai kuma kowa ya san sarki bai taka ƙasa ba, bai cura tubali ba, bai kuma hau bisa katanga yana auna inda azara za ta zauna ba. Akwai wani mutum da ya yi wannan tunani, ya kuma ɗauki alhakin kada rufi ya rubzo a kan jama'a. Shi ne magini, kuma galibi tarihi ya haɗiye sunansa.

Daga cikin maginan ƙasar Hausa na ƙarni na 19, wanda sunansa ya fi tsira daga wannan mantuwa shi ne Muhammadu Durugu, wanda wasu ruwayoyi ke kira Malam Mika'ilu, duniya kuma ta san shi da laƙabin Babban Gwani. Shi ne ya gina Masallacin Juma'a na birnin Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, na gidan Katsinawa, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Ra'ayin da nake son in kare a nan shi ne, mun riƙe sunan wannan bawan Allah da labarin mutuwarsa, amma mun saki abin da ya sa ya zama gwani. Ina kuma ganin malamin makaranta yana da kaso a cikin wannan sakaci, ko da bai sani ba.

Ya kamata a fara duba zamanin da ya rayu. Bayan jihadin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya jagoranta daga 1804, manyan biranen da suka shiga ƙarƙashin daular Sakkwato sun bukaci masallatan Juma'a da majalisu da ɗakunan shari'a waɗanda suka dace da sabon tsarin mulki. Masallacin Juma'a kuwa yana da wata matsala da ɗakin kwana ba shi da ita: dole ne ya ɗauki mutane masu yawa a cikin sahu, a ƙarƙashin rufi guda, ba tare da ginshiƙai sun cinye wurin ba. A nan ne ake gane magini. Katanga kowa na iya ɗagawa. Rufe fili mai faɗi da ƙasa da itace, shi ne inda gizo ke saƙa.

Abin da Babban Gwani yake da shi a hannu bai wuce abin da kowane magini na zamaninsa yake da shi ba. Akwai ƙasa, wadda ake haƙowa a kwaɓa ta da ciyawa, a tattake, a bar ta ta kwana ta tsima, a sake jiƙawa a tattake har ta yi danƙo. Akwai tubali, wanda ake curawa da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya a rana ya bushe. Akwai kuma azara, wadda ake faskarawa daga kututturen giginya, itacen da gara ba ta cika yi wa ɓarna ba. Amma azara tana da iyaka. Idan aka gitta ta a kan tazarar da ta wuce kamar mita biyu, aka ɗora mata nauyin ƙasa, sai ta lanƙwasa. To, yaya za a yi a rufe ɗakin da faɗinsa ya ninka haka sau uku ko huɗu?

Amsar da maginan Hausa suka gano ita ce baka. Ana dasa azara a jikin katanga ko ginshiƙi, ta ɗan karkato ciki, a ɗaure ta da igiya, a lulluɓe da ƙasa, a bari ta bushe. Sa'an nan a ɗora wata a kanta, ta ƙara miƙowa gaba kaɗan. Haka za a yi ta yi daga ɓangarori biyu, gaɓa bayan gaɓa, har ƙafafun biyu su haɗu a sama a kulle su. Idan baka guda ce ta ratsa ɗaki, ana kiranta bakan gizo. Idan bakuna suka gitta juna suka haɗu a tsakiya, shi ne ɗaurin guga, don ya yi kama da yadda ake ɗaure guga da igiya. Bakunan nan suna rarraba rufi zuwa ƙananan gurabe waɗanda azara za ta iya ɗauka, a jera ta a kai, a shimfiɗa zana, a zuba ƙasa, sai ga tulluwa ta tashi. Mai karatu ya lura cewa aikin ba ya karɓar gaggawa. Wanda ya ɗora gaɓa ta biyu kafin ta farko ta bushe, ya gina wa kansa kabari.

Ba Babban Gwani ne ya ƙago baka ba. Ya tarar da ita. Gwanintarsa ita ce nisan da ya kai ta. A masallacin Zariya ya jera manyan ginshiƙai, bakuna na tashi daga jikinsu suna tsallaka sahu, tulluwa na bin tulluwa, har mai salla ya ɗaga kai ya ga kamar rassan wata babbar bishiya ce suka sarƙe a kansa. Bai bar ginshiƙan haka nan gaɓa-gaɓa ba. Ya yi musu ado mai kauri wanda aka fitar daga jikin ƙasar kanta, da layuka da kusurwoyi da murɗe-murɗe, yadda haske kaɗan da ke shigowa zai sa su yi inuwa. Ya kuma tsara masallacin a matsayin gida guda mai sassa, da zaurukan shiga da wuraren alwala da ɗakin shari'a. Duk wannan babu takardar zane, babu injin auna nauyi. Lissafin yana kansa, ma'auninsa kuma taku ne da kamu da igiya da ido. Wanda duk ya ce wannan ba ilimi ba ne, to ya gwada rufe ɗakin girki da baka ɗaya ya gani.

Sunansa bai tsaya a Zazzau ba. Ana jingina masa gine-gine a wasu masarautu, kuma mafi shahara a cikinsu shi ne Gidan Madaki da ke Kafin Madaki a ƙasar Bauchi, wanda aka sa cikin kayan tarihin ƙasa a 1956. A fadar Bauchi ma akwai sashen da ake kira da sunan Babban Gwani. Wannan ya nuna cewa a wancan zamani sarakuna kan yi aron gwani daga juna kamar yadda ake gayyatar babban malami, kuma gwanin kan tafi da yaransa, ya bar wasu a can sun koyi hannunsa. A Zariya zuriyarsa sun gāji sana'ar, laƙabin kuma ya zauna a gidan.

Sai labarin ƙarshensa, wanda ya fi duk aikinsa yawo a bakin mutane. An ce Sarkin Birnin Gwari ya gayyace shi ya yi masa gini, da ya gama, sarkin ya ga kyawun abin, sai ya sa aka kashe shi don kada ya je ya yi wa wani sarki wanda ya fi shi. Labari ne mai daɗin ba da wa, kuma ɗalibai na son sa. Amma ɗalibin adabi ya kamata ya yi hattara, domin irin wannan labari ba a ƙasar Hausa kaɗai yake ba. Larabawa suna da na Sinimmar, maginin da aka ce ya gina wa Sarki Nu'umanu na Hira fadar Khawarnaƙ, sarkin ya sa aka jeho shi daga samanta, har sakayyar Sinimmar ta zama karin magana a kan wanda ya yi alheri aka saka masa da mugunta. Rashawa ma suna da makamancinsa a kan maginin wani shahararren cocinsu na birnin Mosko, wanda aka ce sarki ya makantar. Idan labari guda ya bayyana a ƙasashe masu nisa da juna haka, to abin da yake koyarwa ya fi abin da yake ruwaitowa muhimmanci. Hanya ce da jama'a ke bi su ce aikin mutumin nan ba shi da na biyu, su kuma yi wa masu mulki hannunka mai sanda.

Ni abin da ya dame ni da labarin shi ne sauƙin da yake kawo mana. Ya ba mu mugu guda ɗaya, wanda ya mutu tun tuni, mu ɗora masa laifi mu huta. Alhali ko da an kashe Muhammadu Durugu, ba a kashe sana'arsa a wannan rana ba. Masallacinsa ya yi shekara fiye da ɗari da talatin yana tsaye, ana yaɓe shi, ana gyara indararonsa, ana canza azarar da ta gaji. Hannuwan da suka yi wannan hidima sun san abin da ya sani. Sana'ar ta fara mutuwa ne a zamanin da ake da makarantu da jami'o'i da hukumomin adana kayan tarihi, wato zamaninmu.

A cikin shekarun 1970 aka yi wa masallacin Zariya babban sauyi. An rushe sassansa na waje, aka gina sabon masallaci na siminti wanda ya lulluɓe abin da ya rage na tsohon ɗakin salla. Kafin wannan, Kano ta riga ta maye gurbin tsohon masallacinta na ƙasa da sabon gini a wajajen 1950, garuruwa da dama kuma suka bi sahu. Wanda ke son ganin siffar masallacin Babban Gwani daga waje, sai ya nufi Jos, inda aka gina kwatankwacinsa a gidan adana gine-ginen gargajiya na Nijeriya. Wanda ya tsaya a kan wannan aiki kuwa wani masanin gini ne ɗan ƙasar Folan mai suna Zbigniew Dmochowski, wanda ya shafe shekaru yana auna gine-ginenmu yana zana su. Ya rasu a 1982, aka buga littafinsa mai juzu'i uku a 1990. Ba na faɗin wannan don in rage masa lada. Da ba don shi da ire-irensa ba, da abubuwa da yawa sun ɓace ba ko hoto. Amma akwai abin kunya a ce baƙo ne ya zo da awo da alƙalami yana rubuta abin da masu shi ke shirin rushewa.

Adalci ya wajaba a nan. Waɗanda suka yi sauyin ba jahilai ba ne, ba kuma maƙiya tarihi ba. Jama'a ta ƙaru, masallacin da ya ishi Zariya ta 1840 ba zai ishi ta 1970 ba. Ginin ƙasa yana son yaɓe kusan kowace shekara, kuma duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin soro mai yoyo cikin watan Agusta ya san tsoron da ke cikinsa. Giginya tana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta isa sara, an kuma sare da yawa ba a dasa ba, azara ta yi tsada. Magidancin da ya zaɓi bulo da kwano yana neman kwanciyar hankali ne, ba wanda zai zarge shi. Har ma ana iya cewa rufin simintin da aka yi wa tsohon masallacin ya kare shi daga ruwan sama, da ba don haka ba wataƙila da babu abin da ya rage. Duk na yarda da waɗannan.

Inda na rabu da masu wannan hujja shi ne fahimtar mene ne ake adanawa. Suna ɗaukar yaɓen shekara-shekara a matsayin aibin ginin ƙasa. A ganina shi ne makarantarsa. A lokacin yaɓe ne yaro ke ɗaukar ƙasa yana miƙa wa babansa, ya ji da hannunsa bambancin ƙasar da ta tsima da wadda ba ta tsima ba. A lokacin canza azara ne saurayi ke ganin cikin baka, ya ga yadda aka ɗaure ta. Ranar da aka ce gini ba ya bukatar gyara, ranar aka sallami ɗalibansa. Za a iya ajiye ginshiƙan Babban Gwani a cikin akwatin siminti shekara ɗari, amma in wata rana baka ɗaya ta tsage, wa za a kira? A birnin Jenne na ƙasar Mali, babban masallacinsu na ƙasa, wanda aka sake ginawa a 1907, yana nan tsaye domin duk shekara gari kan fito a yaɓe shi a ƙarƙashin jagorancin ƙungiyar magina, abin ya zama biki. Sun adana maginan, maginan kuma suka adana masallacin.

Akwai kuma wani abu da ba a cika lura da shi ba, wato yadda gini ya dogara ga sauran sana'o'i. Makuba da ake shafe katanga da ita daga kwasfar ɗorawa ake samunta. Laso, wanda ke hana rufin soro shan ruwa, ana haɗa shi ne da katsi daga marina, da gashin da majema suka kankare daga fata, da kuma dafara daga daji. Idan marina ta rufe, katsi ya yanke. Idan majema ta tashi, gashi ya yanke. Idan aka sare ɗorawa aka yi gawayi, makuba ta yanke. Magini zai wayi gari yana da ilimi amma ba shi da kayan aiki, sai ya yi yaɓe da abin da ya samu, ruwa ya wanke, mutane su ce ai ginin ƙasa ba shi da ƙarko. Mafi muni shi ne a shafe katangar ƙasa da siminti, abin da ake yi da niyyar alheri. Siminti ba ya kama ƙasa sosai, yakan tsage, ruwa ya shiga ta bayansa ya rasa mafita, katanga ta ruɓe a ɓoye har ran da za ta zube gaba ɗaya.

Kada a ce zamani ne ya wuce sana'ar. A ƙauyen Yama da ke jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar, wani magini manomi mai suna Falke Barmu ya fara gina masallacin Juma'a na ƙasa a 1962, da gudummawar mutanen gari, wannan ya kawo ruwa, wancan itace. Ya sake masa rufi da bakuna a 1975, daga baya ya ƙara hasumiyoyi huɗu waɗanda kowace da siffarta. A 1986 masallacin ya sami lambar yabo ta Aga Khan, ɗaya daga cikin manyan lambobin da ake ba gine-gine a duniya. A Dandaji kuma, duk a Nijar, lokacin da jama'a suka bukaci masallaci mafi girma, ba a rushe tsohon ba. An gyara shi aka mai da shi ɗakin karatu, aka gina sabo a gefensa da tubalin ƙasa da aka matse da inji, aikin da Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili suka tsara, aka kammala a 2018. Matsalarsu irin ta Zariya ce, wato ƙaruwar jama'a. Mafitar ce ta bambanta.

To, ina ruwan malamin Hausa da duk wannan? Ruwansa ya yi tsaki kuwa. A darasin al'adu muna koyar da sana'o'in gargajiya, muna jero noma da ƙira da jima da saƙa da rini da dukanci da gini, yaro ya haddace ya zuba a jarrabawa ya manta. Na sha tambayar ɗalibai masu shirin zama malamai ma'anar laso ko katsi ko ɗaurin guga, sai a yi tsit, cikinsu har da waɗanda aka haifa a ɗakin soro. Zanko kam sun san shi, don suna ganin sa a jikin hotuna da tambarin hukumomi, dagi ma haka. Wato mun riƙe ado mun bar ƙashin ginin. Kalmomin nan kuwa dukiyar harshe ce, kuma kowace tana ɗauke da wani aiki da hannu ke yi. Idan suka fita daga bakin yara, ƙamus kaɗai ba zai dawo da su ba.

Abu na biyu ya fi wannan ciwo. Sau nawa malami ke tsorata yaron da bai yi ƙoƙari ba da cewa, in bai mai da hankali ba zai ƙare a kwaɓa ƙasa? A cikin ajin nan akwai ɗan magini yana ji. Abin da ya koya a ranar shi ne sana'ar ubansa horo ce da ake yi wa dakiki. Gobe in uban ya ce ya zo ya miƙa masa tubali, sai ya noƙe, kuma ba za a ga laifinsa ba. Haka ake yanke silsilar da ta faro tun kafin Babban Gwani, ba da takobi ba, da baƙar magana a gaban allo. Idan yaron nan ya yi sa'a ya kai jami'a ya karanta fasahar gini, zai san sunayen maginan Italiya da Faransa, ya dawo gida yana kallon Sarkin Magina a matsayin lebura.

Ba ina kira ne a koma zaman ɗakin ƙasa dole ba, ba kuma aikin malami ba ne ya hana hukuma faɗaɗa masallaci. Abin da ke hannunsa ƙarami ne, amma nasa ne. Idan zai ambaci masallacin Zariya, ya ambaci Sarki Abdulkarimu da Muhammadu Durugu a numfashi ɗaya. Idan zai ba da labarin Birnin Gwari, ya ba da shi a matsayin adabin baka, ya bar yara su yi muhawara a kan abin da yake nufi. Darasin lissafi da na kimiyya ma suna da rabo, domin tambayar me ya sa ɗakin soro ke da sanyi da rana, ya kuma yi ɗumi da daren hunturu, tambaya ce da yaro zai iya gwadawa da kansa idan ya shiga zauren mai unguwa ya fito ya shiga ajinsa mai rufin kwano.

Kusan kowane tsohon gari, daga Zariya da Kano da Katsina da Daura har Damagaram da Agadas, yana da tsohon soro ko zaure ko masallacin unguwa wanda dattawa suka san maginin da ya yi shi. Ɗalibin da aka tura koyarwar gwaji yana iya ɗaukar ajinsa su je gaida Sarkin Magina ko wani tsohon magini, da littafi da alƙalami, bayan an nemi izini yadda ya kamata. Su tambaye shi wa ya koya masa, wa ya koya wa wanda ya koya masa, daga wane kududdufi ake haƙo ƙasa mai kyau, kwana nawa take yi kafin ta tsima, da yadda yake gane cewa gaɓar baka ta bushe har za a iya ɗora mata wata. Su rubuta amsar da kalmominsa, kada su gyara masa Hausa, su kuma sa sunansa a saman shafin.